Ƙafar Dama

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a Jakarta,
daga Kampung Rambutan zuwa Tanah Abang,
in dawo, in koma, in dawo.
Sai ga Ratri, autata, ta ɗora min takarda a cinya:
"Baba, kwana biyar a Lombok. An biya. Ban da gardama."

Daren farko, gado mai faɗin tasha,
zanensa fari fat, har na ji kunyar fason diddigena.
Ƙarfe huɗu idona ya buɗe da kansa,
hannuna ya lalubi makulli a kan tebur,
ya taɓo fure a cikin ɓawon kwakwa.
Sumiyem na minshari a hankali
kamar injin da ya sha sabon mai.

Na yi sallah, na fita.
Teku na can yana aikinsa,
ya zo, ya koma, ya zo,
ba kwandasta, ba canji, ba mai zaginsa don ya yi latti.
Na ce: ashe kai ma layi ɗaya kake bi, ɗan'uwa,
sai dai kai ba a tsayar da kai a danja.

Sahnan, yaron da ke gyaran yashi,
yana jan manjagara yana share sawun jiya.
Na miƙa hannu in taya shi.
Ya ɓoye ta a bayansa yana dariya:
"Pak Harjito, so kake a kore ni?
Aikinka a nan shi ne zama."
Zama!
Sana'ar da ba wanda ya taɓa koya min.

Ya ja min doguwar kujera zuwa inuwa,
sara uku ya fille kan ɗanyar kwakwa.
Ruwanta ya gangara maƙogwaro
har inda hayaƙin shekaru ya yi gida.
Amma ƙafar dama ta ƙi yarda.
Duk igiyar ruwan da ta taso
sai ta danna yashi, tana neman birki.

Rana ta biyu: gasasshen kifi, yaji, shinkafa a ganyen ayaba.
Ina loma ina duban tsintsiyar hannu.
Sumiyem ta kwance agogon, ta jefa a jakarta.
Can ya dace da shi.
Inda ya tashi, fatar ta yi fari
kamar ƙasar da aka ɗage dutse a kanta.

Rana ta uku aka wuni ana ruwa.
Muka zauna a baranda, shayi na hucewa,
a nan na ji cewa tana tsoron ƙaguwa.
Shekara talatin da huɗu da aure, ban sani ba.
Ina zan sani?
In fita tana barci, in dawo tana gyangyaɗi.
Ta ce tana son launin ruwan toka.
Ni kuwa shuɗi nake ta saya mata, tana godiya.

Rana ta huɗu na shiga, iya gwiwa, iya ƙugu, iya ƙirji.
Sahnan ya ce, "Kwanta rigingine. Saki wuya.
Gishirin ya san aikinsa."
Na saki.
Ni da na ɗauki rabin gari zuwa wurin aiki,
yau ga wani ya ɗauke ni,
bai ce kawo kuɗin mota ba,
bai ce matsa ciki ba.
Kunnuwana a ruwa, na ji shiru yana da nasa amo.
Can ƙetare, rana na sauka a kafaɗar dutsen Agung,
ba wanda ya yi mata oda.

Ranar ƙarshe Sumiyem ce ta tashe ni sallah.
Ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Da hantsi ina kan kujerata, idona biyu,
wata 'yar ƙaguwa ta fito daga raminta,
ta hau ƙafar dama, ta tsaya a kan babban yatsa,
ta duba gabas, ta duba yamma,
ta sauka abinta.
Ƙafar ba ta motsa ba.

Ban gaya wa Sumiyem ba.